Wai lighten haske ne ko rage nauyi?

Ranar Asabar da ta wuce wajen ƙarfe goma na dare 'yar ƙanwata da ke shirin WAEC ta turo min hoton wani shafi a WhatsApp, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla biyu. Ta farko "The sky began to lighten", ta biyun kuma "They threw out some bags to lighten the boat". Sai ta rubuta a ƙasa, "Kawu dan Allah kalmar nan ta rikita ni, a ta farko na sa haske ya zauna daidai, a ta biyu sai naga kamar an zubar da buhuna ne don a haska kwale-kwale, to ina ruwan buhu da haske?" Nace mata uwata ki kwantar da hankalinki kanki ƙalau yake, tambayar da kika yi ma ita ce daidai, domin abun da kike kallo ba kalma ɗaya bace, kalmomi biyu ne suka sa riga iri ɗaya.

Wannan shine gaba ɗayan maganar kuma da za'a riƙa faɗa wa yara shi tun a aji ɗaya na sakandare da an huta. A Turanci light biyu ne. Akwai light na haske, kishiyar duhu, akwai kuma light na abu mara nauyi, irin abun da zaka ɗauka kaji shi sakayau ko shafal a hannu. Asalinsu ba ɗaya bane ko kaɗan, kowanne da gidan da ya fito, kawai dai tun a tsohon Turanci na sama da shekara 1000 da suka wuce furucinsu ya matso kusa da juna har suka zo suka haɗe a rubutu. In kana son ka gani da idonka leƙa Jamusanci, wanda ɗan uwan Turanci ne na jini, su har yau a rabe suke, haske Licht, mara nauyi leicht. A Latin ma haka, haske lux, wanda shine sunan sabulun nan Lux da muka taso muna gani, mara nauyi kuma levis, kuma daga wannan levis ɗin ne alleviate ta fito, wadda kullum muke ji a bakin gwamnati in ana maganar poverty alleviation, wato rage wa talaka nauyin talauci. To da aka zo aka liƙa wa kowane light ɗin -en a ƙarshe sai aka samu lighten biyu, ɗaya ta haske ɗaya ta nauyi, rubutu ɗaya furuci ɗaya.

Shi wannan -en ɗin Bahaushe bai kamata ya bashi wahala ba sam, don muma muna da irinsa a harshenmu kuma namu ma yafi daɗin faɗa. Faɗi ya zama faɗaɗa, zurfi ya zama zurfafa, ƙarfi ƙarfafa, taushi tausasa, sauƙi sauƙaƙa, haske haskaka. Haka Bature yayi da wide ya zama widen, deep ya zama deepen, strength strengthen, soft soften, dark darken. Aiki ɗaya ne, ka ɗauki sifar abu ka maida ita aikatau. Sai dai su nasu baya hawa kan kowace kalma, babu wani abu wai shi greenen ko heavien, kuma wannan giɓin shine ya bani dabarar da nake koya wa ɗalibai. In ka haɗu da lighten ka rasa wacce ce, cire ta ka sa darken a gurbinta. In jimlar ta tsaya da ƙafarta to maganar haske ake. "The sky began to darken" ta zauna, gari ya fara duhu. Amma ace an zuba buhuna a kwale-kwale don a darken ɗinsa, kaga ai babu ma'ana, to nauyi ake nufi. Mu da Hausa bata taɓa haɗa haske da nauyi a kalma ɗaya ba wannan tambayar a bakinmu take, haske ko nauyi, sai dai mu tuna mu yi ta.

Bari in fara da ta nauyi don tafi sauƙin kamawa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da damina yasan yadda ake yi in mota ta kafe a laka, direba ya taka totur taya na juyawa a banza tana feso taɓo, ƙarshe dai yaron mota yace jama'a a sauko, a hau saman a fara sauke buhunan masara ɗaya bayan ɗaya ana jerawa a gefen hanya kan busasshiyar ƙasa har sai bayan motar ya ɗago, sannan a tura. Wannan sauke kayan da aka yi don motar ta samu ta fita shine to lighten the load, ko to lighten the lorry. Kuma lura, Turanci ya yarda da duka biyun, kana iya lighten kayan kana iya lighten motar da ke ɗauke da kayan, mu kuma sai muce an rage kaya ko an rage wa mota kaya.

A harkar jiragen ruwa kalmar tsohuwa ce sosai kuma har yau da ita ake aiki. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611, a labarin Annabi Yunus, da guguwa ta taso ma'aikatan jirgin suka riƙa jefa kaya cikin teku, kalmar da aka sa a wurin ita ce lighten. Sannan a watan Maris na 2021 da katafaren jirgin dakon kaya Ever Given mai tsawon mita 400 ya gitta ya toshe mashigin Suez a Masar na kwana 6, cikin abubuwan da aka yi ta tattaunawa a labarai har da lightening ɗin jirgin, wato a sauke masa kwantenoni ya ɗan taso, duk da dai a ƙarshe yashe rairayin da ke ƙarƙashinsa da jiragen ja da cikar teku ne suka fidda shi. Akwai ma wani irin faffaɗan jirgi mai shafaffen gindi da ake matsawa da shi kusa da babban jirgi a juye masa kaya in ruwan bakin gaɓa bashi da zurfi, sunansa lighter. Duk wanda yake harkar fito da kaya a Legas yasan Kirikiri Lighter Terminal, to wannan lighter ɗin ba laitar kunna risho bace kuma babu ruwanta da fitila, jirgin rage nauyi ne.

Daga nauyin da ake ɗorawa a sikeli sai maganar ta koma nauyin da ba'a gani, kuma anan Turanci da Hausa tafiyarsu ɗaya. Muna cewa nauyin iyali, nauyin bashi, wane ya ɗauke min nauyi, suma suna cewa lighten the burden, lighten the workload. In an ƙara ma'aikaciyar jinya ɗaya a ɗakin haihuwa da mutum biyu ke riƙe da shi dare da rana, an lighten ɗin aikinsu. Mai karatun Alƙur'ani ma ya riga yasan wannan ma'anar tun kafin yasan Turancinta, aya ta 28 a Suratun Nisa'i, yuridullahu an yukhaffifa ankum, malamanmu a wajen tafsiri suce Allah yana nufin ya sauƙaƙa muku, to masu fassara zuwa Turanci da dama lighten suke sawa a wurin yukhaffifa. Larabci kamar Hausa ne a nan, nur daban khafif daban. Duk inda kaga lighten ta zo da burden ko load ko duty ko tax, sauƙaƙa ko sassauta ko rage zasu ɗauke maka ita.

Amma akwai inda bata shiga, kuma nan ne naga mutanenmu na yawan zamewa. Mai ƙiba da ke son ya rage jiki baya cewa "I want to lighten", lose weight ake cewa. Kuma farashi a kasuwa ba'a lighten ɗinsa, reduce ko lower ne. Ita tana son abun da ake ɗauka ne, a kai ko a kafaɗa ko a zuciya.

Ɗalibai masu karatun unguwarzoma suna da tasu lightening ɗin ta daban da suke haddacewa, kuma ina son wannan misalin don tsofaffinmu mata sun san abun sarai ba tare da boko ba. In ciki ya tsufa haihuwa ta matso, kan jariri yakan gangaro ya zauna a ƙugu, sai kaji kaka ta kalli mai cikin tace cikin nan ya sauka, a fara shiri. Mai cikin zata ji numfashinta ya sake saboda an daina tokare mata ƙirji, amma fitsari ya ƙaru saboda yanzu mafitsara ake dannewa. A cikin fari yakan faru makonni kaɗan kafin haihuwa, a wadda ta saba haihuwa kuma wani lokacin sai naƙuda ta fara. Turawa suka sa masa lightening saboda sauƙin da matar take ji a sama. Wai kuma huhun dabba a bakin mahautan Ingila na da lights ake ce masa, saboda rashin nauyinsa, wanda duk ya taɓa dafa kayan ciki yaga yadda huhu ke tasowa saman tukunya yana yawo yasan dalili.

Yanzu ta haske. Ma'ana ta farko ita ce wadda yarinyar ta gane da kanta, sararin sama in ya fara washewa bayan asuba, lokacin da ka fito daga masallaci baka iya gane fuskar mutum sosai amma gabas ta fara yin fari-fari, ko in hadari ya haɗu yayi baƙi ƙirin sannan iska ta watsa shi gari ya sake buɗewa. Anan babu wanda yayi wa sama komai, ita da kanta tayi. Kalmar tana aiki ta fuska biyu kenan, kai ka lighten abu ko abun ya lighten da kansa ba tare da an canza mata ko harafi ɗaya ba, inda mu kuma muke canza ƙarshen kalmar, na rage shi, ya ragu, na buɗe shi, ya buɗu.

Ma'ana ta biyu ta launi ce kuma ita aka fi amfani da ita a yau. Tsaya gaban mai shayi da safe ka kalli kofin, ruwan Lipton ne ja-ja har yana ɗaukar baƙi, ya huda gwangwanin madara ya tsiyaya, kana kallo farin yana murɗawa a ciki har launin ya koma ruwan ƙasa mai haske, in kace ƙara ya ƙara ya sake yin fari. Madarar ta lighten ɗin shayin. Haka mai fenti in shuɗin da aka siyo yayi duhu da yawa ga ɗakin, zai buɗe bokitin fari ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan yana juyawa da sanda yana shafawa a bango yana dubawa. To kaga anan haskaka bata dace ba, babu fitilar da aka kunna, duhun kala aka rage. Kuma a bambanta ta da brighten, wadda ke nufin launi ya ƙara fitowa rau yana ɗaukar ido, da kuma fade, wato koɗewa irin ta atamfar da ta sha wanki da rana. Ja in ka lighten ɗinsa ruwan hoda yake komawa, in ka brighten ɗinsa ja ne dai amma jawur.

Kuskuren da nafi gani a takardun yara shine "lighten the stove" ko "she lightened the candle". A'a. Kunna wuta light ne kawai, in ya wuce ace lit. Ɗayan kuma shine "please lighten me on this matter", enlighten ake nufi, wato wayar da kai, irin public enlightenment da ake cewa in za'a fita wayar da kan jama'a kan rigakafi ko zaɓe. A tsohon Turanci lighten ta taɓa ɗaukar ma'anar haskaka, akwai tsohuwar addu'ar yamma ta cocin Ingila da ke farawa da "Lighten our darkness", amma in ka faɗi haka yau a hira zasu ji ka kamar mai karanto tsohon littafi.

Sai maganar da take min ciwo a rai, man shafawa. Shiga kowane shagon kayan kwalliya ka ɗauki kwalba ka karanta, da wuya kaga an rubuta bleaching, abun da zaka gani shine skin lightening, ko brightening, ko toning. Mu a Hausa bamu ɓoye masa suna ba, bilicin muke cewa kuma kowa yasan ba yabo bane. Amma lightening kalma ce mai laushi, tana zuwa da ƙamshin haske da tsafta, yarinya ta karanta taji kamar ba wani abu bane, gyaran fata ne kawai. Alhali da yawa daga cikin irin waɗannan mayukan abun da ke cikinsu hydroquinone ne ko sinadarin steroid ko ma mercury, masu sa fata tayi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, gaɓoɓin yatsu suyi baƙi, ciwo in ya samu ya ƙi warkewa da wuri, shi mercury har ƙoda yake taɓawa, kuma NAFDAC ta sha yin gargaɗi akai. Su kansu kamfanonin sun san nauyin kalmomin da suke zaɓa, a 2020 Unilever ya canza sunan man Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely kuma yace zai cire kalmomi irin su whitening da lightening daga jikin kayansa. Shi yasa duk ɗalibar da na koya wa kalmar nan sai na tsaya na gaya mata, in kinga lightening a jikin kwalba ki fassara shi a ranki da sunansa na Hausa tukunna kafin ki miƙa kuɗi.

Akwai kuma rikicin harafi ɗaya da ke cinye maki a jarabawa, lightening da lightning. Mai e ɗin daga lighten take, gaɓa uku. Mara e ɗin ita ce walƙiya, gaɓa biyu. Asali ɗaya ne, da can walƙiyar ma lightening ce, wato haskawar da sama ke yi, sai baki ya haɗiye e ɗin rubutu ya bi shi. Sannan inda mu muke cewa aradu ta faɗa wa bishiya ko tsawa ta kashe shanu, Bature lightning yake ɗora wa laifin, struck by lightning, shi thunder a wurinsa ƙarar ce kawai. Ita kuma gh ɗin da ke tsakiya kar ka wahalar da harshenka, laitin ake cewa, da can ne ake furta ta daga maƙogwaro kusan kamar kh ta Larabci, furucin ya mutu rubutun ya zauna.

Lighten up ita ce wadda matasa suka fi ji a finafinan Amurka, kuma ita nafi son ayi hattara da ita. Ma'anarta saki ranka, daina ɗaure fuska, abun bai kai nan ba. Aboki ya tsokane ka kayi kicin-kicin sai yace "lighten up", haba wasa nake. Tsakanin sa'o'i babu komai. Amma akwai ɗan zargi a cikinta, kana gaya wa mutum ne cewa shi ya cika ɗaukar abu da zafi, don haka ba'a faɗa wa babba, ba'a faɗa wa oga a wurin aiki, balle wanda aka yi wa rasuwa ko wanda ke cikin damuwa ta gaske, kamar dai yadda bazaka kalli mahaifinka kace Baba saki ranka mana ba. In aka ce lighten up on wane kuma to sassauta masa ake nufi, ka daina matsa masa. Kuma ba ɗaya take da light up ba, "her face lit up" fuskarta ce ta washe da murna nan take kamar an kunna fitila.

Wurin da dabarar darken ɗina take tsayawa cak shine in an zo maganar zuciya da yanayin mutane. "He told a story to lighten the mood", an zauna zaman sulhu kowa ya haɗe rai anyi tsit, sai wani dattijo ya kawo wani labari aka ɗan yi dariya aka saki jiki. To wannan haske ne ko nauyi? Darken ta zauna, don suna cewa "his mood darkened". Nauyi ma ya zauna, don suna cewa heavy heart. Anan kalmomin biyu da suka fito daga gida daban-daban sun narke sun zama ɗaya, kuma ina ganin ko Baturen da aka haifa cikin harshen in ka tsare shi bazai iya ce maka ga wadda yake nufi ba. Mu ma in ka duba ta hanyoyin nan biyu muke bi, farin ciki da baƙin ciki launi ne, naji kamar an sauke min dutse daga ƙirji kuma nauyi ne, har muka ƙara ta uku da su basu cika bi ba, sanyi, raina yayi sanyi.

Da na gama yi wa yarinyar bayani sai na bata jimla ɗaya nace ta kwana da ita, "When she saw her son at the door, her heart lightened". Washegari bayan azahar ta turo murya, tace Kawu ni na rubuta da ta ga ɗanta a bakin ƙofa sai taji zuciyarta sakayau, amma na karanta wa Umma tana tankaɗe tace ba haka ake faɗa ba, cewa ake ranta yayi fari tas, wai wanne zan sa a ciki. Ina jiyo muryar ƙanwata daga nesa a cikin saƙon tana cewa ki gaya wa Yaya nawa ne daidai. Nace ta rubuta duka biyun a gefen shafin, ta ja layi a ƙarƙashin sakayau ta sa nauyi, ta ja a ƙarƙashin fari ta sa haske.